Neman Kabarin Inna a Bayan Katsina

Mun tashi daga Kano da asubar ranar Asabar, ni da 'yata ta biyu, wadda ke koyarwa a makarantar sakandare. Lazimin da na saba yi a zaune, a cikin adaidaita sahu na ƙarasa shi, muna ratsa ruwan da ya kwanta a titi, domin an kwana ana yayyafi. A aljihun gaban rigata akwai wata tsohuwar takarda naɗe cikin leda. Saboda ita muka yi tafiyar, don haka bari in ba ku labarinta kafin mota ta cika.

Ni ba a cikin birnin Katsina aka haife ni ba. An haife ni a wani ɗan ƙauye da ke kudu da ganuwa, tsakanin Ƙofar Kaura da Batagarawa. Ina da shekara shida wani ciwo ya shigo ƙauyen a ƙarshen damina, ya ɗauki mutane da yawa, cikinsu har da Inna, mahaifiyata. Waɗanda suka rage suka kwashe suka koma cikin gari, wurin ya zama kufai. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malami ne, kuma bai yarda da ƙwaƙwalwar mutum ba. Ya samu takarda ya zana rijiyar ƙauyen a tsakiya, ya zana kaburburan a jere daga samanta, sahu guda mai tsawo. A ƙasa ya rubuta da ajami cewa taki saba'in ne daga bakin rijiya, kuma kabarin Inna shi ne na bakwai idan ka ƙirgo daga wajen rijiyar. Ina yaro ya kai ni sau biyu ko uku. Da na koma Kano neman abinci sai shekaru suka yi ta wucewa, kullum ina cewa baɗi.

Watan jiya ƙanwata da ke Ƙofar Marusa ta kira ni ta ce gari ya cimma kufan, an sayar da wurin, ana yanka fuloti. Mai filin mutumin kirki ne, ya ce in akwai maƙabarta a nuna wa safiyonsa, wato mai awon fili, za a kewaye ta a bar ta. Matsalar ita ce safiyon ɗan kudu ne. Hausarsa ta ciniki ce, ajami kuwa a wurinsa ado ne kawai. Ya ce a aiko masa da bayani da Turanci.

Abin ya zo daidai da karatuna. Tun da na bar wa yara rumfar kasuwa nake ɗaukar darasin Turanci wurin wannan 'yar tawa, bayan la'asar, sau uku a mako. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa ba na iya kiran sunanta, Uwata nake ce mata. A lokacin mun iso kan kusurwoyin duniya. Arewa North, kudu South, gabas East, yamma West. Na rubuta su da ajami a littafina don kada su gudu. Ƙarshen North ya ba ni wahala, sai ka sa harshe tsakanin haƙora, ni kuwa haƙoran wajen sun yi ritaya. Ta koya mini yadda Turawa suke haɗa biyu, abin da muke cewa arewa maso gabas su ce North-East. Ta koya mini landmark, abin da ake gane wuri da shi, kamar dutse ko bishiya ko rijiya, da boundary, wato iyaka. Sannan ta buɗe taswira ta ce, "Baba, wannan ka riƙe shi da kyau. Duk taswirar da ka gani, North ne a sama."

Na riƙe shi kuwa. Tun dare bai yi ba na samu farar takarda na kwafe zanen mahaifina, na sa N a sama, S a ƙasa, E a dama, W a hagu, da hannuna, ba wanda ya taimake ni. Ta duba ta ce ɗari bisa ɗari. Muka ɗauki hoto muka aika. Bayan kwana goma safiyo ya ce ya kafa turaku, in zo in gani in sa hannu, domin katafila ta fara fitar da hanyoyi.

A tasha mun sami mota ƙarama, ana sa mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Na biya kujerar gaba duka saboda gwiwata. Kuɗin mota ya kusa ninka wanda na sani, da na yi magana direba ya ce in tambayi gidan mai. Muka sayi ƙosai da kunun tsamiya, ƙosan nan ƙanana kamar an auna su da cokalin shayi. Gari na wayewa muka wuce Dawanau, muka miƙe.

Damina ta yi kyau a hanyar nan, Alhamdulillahi. Daga Bichi har Tsanyawa gero ya fi mutum tsawo, ya fara fitar da kai, dawa na bin sa a baya. Inda aka gyara titin mota na tafiya kamar a kan tabarma, inda ba a gyara ba kuwa sai ka riƙe hularka. Uwata ba ta barin darasi ya huce. Ta leƙo daga baya ta ce, "Baba, daga Kano zuwa Katsina ina muka fuskanta?"

Na yi lissafi da yatsu na ce, "North-West."

Direba ya kalle ni ya ce, "Alhaji, mu dai Katsina muka nufa. In wani wuri za ka, ka sauka tun yanzu."

Duk motar aka yi dariya. A Kankiya muka tsaya, mata suka kewaye mu da dafaffiyar gyaɗa da ƙwan zabi da gasasshiyar masara. Na sayi ƙwan zabi, na fasa ɗaya a goshin ɗaya kamar yadda muke yi muna yara. Bayan Kankiya hira ta ragu. Akwai wuraren da fasinja ke yin shiru a hanyoyinmu yanzu, kowa ya san dalili, ba mai faɗa. Muka wuce shingayen jami'an tsaro, muka wuce Charanchi, hadari ya rufe sama ruf, fari fat, babu ruwa babu rana. Da hantsi muka shiga ta Ƙofar Kaura. Ƙofar tana nan, amma duk abin da ke kewaye da ita ban san shi ba, shaguna ne da gidajen mai da masu sayar da waya.

Ƙanwata ta tarbe mu da dambu da fura mai sanyi. Gaisuwa kawai ta ci mana kusan rabin awa, sai da ta tambayi kowa har da akuyar da ta mutu bara. Ta ce, "Yaya, mi ya sami bakinka? Ka zama Bakano sak, sai wani lanƙwasa harshe kake."

Na ce yanzu ma Turanci nake ji. Ta ce, "To Bature, ci dambu ka tahi ka ga Inna, kada ruwa ya riga ka." Ita uwarta daban ce, ba ta san kufan ba. Da za mu fita ta bi mu har zaure tana cewa mu gaishe su. Haka ta ce, mu gaishe su.

Safiyo ya zo ya ɗauke mu a motarsa. Dogon mutum ne mai fara'a, da hular hana salla da takalmin roba har gwiwa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce taswirata ta fi ta wasu 'yan boko tsabta. Na ji daɗi har cikin raina, ba zan ɓoye muku ba. Muka fita ta hanyar Batagarawa, muka saki kwalta, muka bi wata jar hanya mai santsi, har mota ta ce ba ta ƙara gaba. Muka sauka muka taka.

Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Gidaje ne jere-jere, na bulo, an kai su linta an tsaya. Babu rufi, babu ƙofa, tagogi a buɗe kamar idanun da ba sa ƙiftawa. Saboda ruwan jiya ba magini ko ɗaya. Babu yaro, babu kare, ko kurciya ban ji ba. Ƙarar takalmanmu a cikin laka ce kawai, sai ɗigar ruwa daga kan bulo. Na leƙa wani ɗaki na ga ciyawa ta fito a tsakiyarsa har ƙugu, tana motsi, alhali ban ji iska ba. Gari ne da ba a taɓa kwana a cikinsa ba, an gina shi a kan garin da aka daina kwana.

A nan wani abu ya same ni da bai taɓa samuna ba. Tun ina yaro, a kowane ɗaki na farka, a kowane gari, ina iya nuna gabas ido rufe. Ranar nan na tsaya na juya, na sake juyawa, na rasa ta. Sama fara ce ko'ina, ba inda ya fi wani haske. Na duba ƙasa, ba ni da inuwa, su ma ba su da ita. Kukar da na sani babu ita, tsamiyoyin babu su. Na yi ta'awwuzi a zuciya ban gaya wa kowa ba.

Rijiyar ce kaɗai ta rage. An rufe bakinta da tsohon kwano da duwatsu, amma na gane ta da itacen da ke gefen baki, wanda igiyar guga ta sassaƙa masa layuka masu zurfi. Na sa yatsa a ciki. Wataƙila igiyar Inna na cikin waɗanda suka ci wannan itacen.

"Wannan shi ne landmark," in ji safiyo. "Daga nan, North, taki saba'in. Ni da kaina na auna, Baba Alhaji."

Muka bi shi. Ya kafa turaku huɗu da jan ƙyalle, ya ja igiya, har ya ƙara fili a kowane gefe don girmamawa. Na cire takalmi, na tsaya a bakin igiyar, na yi sallamar da ake yi wa mazauna kaburbura. Uwata na bayana tana amin. Ba na cewa matattu suna amsawa a ji da kunne. Amma duk wanda ya saba ziyara ya san akwai wani nauyi da ke sauka a kafaɗa. Ban ji shi ba. Na ji kamar na yi sallama a ƙofar shagon da aka kwashe kaya.

Na tsuguna na buɗe ciyawa da hannu. Ƙasar tana da tudu da kwari a jere, amma dogaye ne, sun miƙe daga wannan turke har wancan. Kunyoyi ne. Ga ma guntayen karan dawa na bara. Na ce, "Nan gona ce. Ba a noma maƙabarta."

Safiyo ya buɗe wayarsa ya nuna mini zanena. "Baba, ga shi. N a sama, kabari a sama. Ko mutane sun noma ba su sani ba? Shekaru da yawa fa."

Uwata ta ce haka ne, mai yiwuwa ne. Ya miƙo mini takardar sa hannu da biro. Na karɓa na riƙe. Rubutuna ne, ba wanda ya canja shi, amma hannuna ya ƙi. Na ce a bari in yi azahar tukuna, lokaci ya shiga.

Muka koma bakin rijiya inda ƙasa ta fi tauri. Na yi alwala da ruwan leda, na shimfiɗa darduma, sai na tsaya kamar baƙo. Ni da nake nuna wa mutane alƙibla, yau ni ne na ce, "Uwata, ina gabas?"

Ta kalle ni, ta ga da gaske nake. Safiyo ya ajiye kamfas a tafin hannunsa, allurar ta yi rawa ta tsaya. Ya ce, "North." Uwata ta kama kafaɗata ta juya ni a hankali. "Ka sa North a hagunka, Baba. Yawwa. Wannan East ne. Ka ɗan karkata hagu kaɗan, alƙibla ke nan." Na yi salla, ita ma ta yi tata a bayana.

Da na sallame ban tashi ba. Na ciro takardar mahaifina daga leda, ta asalin, na ɗora a gwiwa ina kallo, rijiya na gabana. Ina zaune a haka sai na gan shi a zuciyata kamar jiya. Mahaifina bai taɓa rubutu a kan tebur ba. A kan buzunsa yake rubutu, bayan salla, bai juya ba, takarda a gwiwa, tawada a dama. Wasiƙa ce, laya ce, lissafin gado ne, duk yana fuskantar alƙibla. Abin da ke gabansa shi ne saman takardarsa. Bai rubuta gabas a kai ba domin a duniyarsa ba wanda zai tambaya.

Na ɗaga kai a hankali na kalli abin da ke gabana, bayan rijiya. Wata sabuwar hanya ce ja, an kankare ta da faɗi, ta gitta daga hagu zuwa dama. Katafila na tsaye a kanta, ba kowa a ciki, ƙafafunta sun nutse a laka. Bayan hanyar akwai ciyawa mai duhu, wadda ba a taɓa ba. A bakin ciyawar wani tsoho na tsaye da sanda a kafaɗa, shanunsa farare na bayansa, ba wadda ke kiwo, duk sun zuba mana ido. Ban san tun yaushe suke wurin ba. Ba mu ji zuwansu ba.

Na ce, "Uwata, ba North ba ne. East ne."

Na tashi ba takalmi, na fara ƙirga taki daga bakin rijiya. Laka na kama ƙafata. Hamsin, sittin. Na saba'in ya sauka a tsakiyar jar hanyar, inda katafila ta kankare.

Tsohon Bafulatani ne, ya girme ni, fuskarsa duk tamoji. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da gajiya da ruwa. Sai da ya gama ya ce, "Malam, tun ɗazu nike kallonku kuna gaida gonar dawa. Na ce ko wata sabuwar ibada ce ta birni."

Na ce, "Baffa, mutanen kufan nan nake nema."

Ya nuna ciyawar da haɓa. "Ga su nan. Kullum da sahe in na biyo sai na yi masu sallama. Tun ubana na da rai ba mu sa shanu ciki. Su ma shanun sun sani."

"Ba ka gaya wa masu aikin ba?"

"Na hwaɗa ma mai tuƙa wanga abu jiya. Na tsaya gabanshi da sandata. Ya ce in kauce, takarda ta ce ba nan ba ne. Wai ɗan wurin ne ya rubuto, wani babban malami daga Kano. To ni mi na sani? Ban yi karatu ba. Ya ci gaba, sai ruwa ya sauko, abin ya kahe."

Safiyo ya cire hularsa. Na ce masa ni ne babban malamin. Tsohon ya dube ni, ya dubi ƙafafuna, ya juya ya buɗe ciyawar da sandarsa.

Abin da na gani zai daɗe a idona. Tsofaffin kaburbura ba tudu suke yi ba, lotsawa suke yi. Ruwan jiya ya taru a kowanne, siriri, tsawon mutum. Suna jere gefe da gefe, sun miƙe cikin ciyawa, kowanne na ɗauke da farar sama a cikinsa, ba ya motsi. Kai kudu, ƙafa arewa, fuska gabas, ba wanda ya kauce ko da kamu ɗaya. Duk ƙauyenmu ne kwance a sahu. Ni mai rai na rasa gabas tun hantsi, su kuwa shekara sittin da wani abu suna kallonta. A nan nauyin ya sauko mini a kafaɗa. Na yi sallama, wannan karon a ƙofar gidan da ke da mutane.

Sai na tuna ƙirga. Na bakwai daga wajen rijiya. Amma farkon sahun yana ƙarƙashin jar hanya, an shafe shi sumul. Na ce, "Baffa, nawa katafila ta hau?"

Ya dubi ƙasa. "Daga wani suri sunka hwara, ga gurbinshi can. Biyu ne, ko ukku. Wallahi ba ni ƙirga su, Malam. Gaishe su nike."

Safiyo ya duba wurin ya ce saman ƙasa kawai aka kwashe, ba a kai ga kowa ba. Na gode wa Allah a kan wannan. Amma alamar ta tafi. In biyu aka shafe, Inna ce ta biyar a cikin waɗanda suka rage. In uku ne, ita ce ta huɗu. Na taka a hankali ta gefen ƙafafunsu, na tsaya tsakanin na huɗu da na biyar. Tsawonsu ɗaya, ruwansu ɗaya. Na duba wannan, na duba wancan, ina jiran zuciyata ta karkata, ba ta karkata ba. Takardar da mahaifina ya adana mini fiye da shekara sittin, a kwana goma na ɓata ƙirgarta.

Uwata ta zo ta tsaya daga bakin ciyawa tana kuka. "Baba, ni ce na ce maka North ne a sama."

Na ce, "Gaskiya kika faɗa, Uwata. Taswirar Turawa kika koya mini. Ni ne na zauna shekara ashirin kusa da buzun mahaifina, ni ya kamata in san tasa."

Na tsuguna a tsakani, na ɗora hannun dama a gefen ɗaya, na hagu a gefen ɗaya, na yi musu addu'a su biyun. Duk wadda ba Inna ba ce a ciki, maƙwabciyarta ce, ko maƙwabcinta, sun sha rijiya ɗaya, sun tafi a wata ɗaya.

Safiyo bai jira na roƙe shi ba. Ya koma gonar dawa ya tumɓuke turakunsa, ya ɗauko su a kafaɗa. Tsohon na gaba yana nuna iyaka da sanda, shi yana bi yana kafawa, har ya haɗa da wurin da aka kankare. Sannan ya kira mai filin. Na ji muryar mutumin daga nesa, ta yi sama da farko, domin karkata hanya zai ci masa fuloti guda. Safiyo ya yi ta magana a hankali, ya ɗauki hoto ya aika. Ya kashe wayar muka jira. Da wayar ta sake ƙara sai ya saurara, ya ce mini, "Ya ce a karkata. Ya ce shi ma yana da uwa a ƙasa."

Safiyo ya yage tsohuwar takardar sa hannun, ya rubuta sabuwa a kan cinyarsa, ya karanta mini: East of the well, wato gabas da rijiya. Na sa ya nuna mini kalmar da yatsa, na juya na dubi kaburburan, na dubi rijiya, sannan na sa hannu. Da na waiwaya in yi wa tsohon godiya, har ya kora shanunsa sun shige tsakanin gidajen nan marasa rufi. Na ɗaga murya, ya ɗaga sanda bai juyo ba.

Mun kwana a Ƙofar Marusa. Ƙanwata ta yi tuwon dawa miyar kuka da man shanu, ta ga ban ci sosai ba, ba ta tambaye ni ba sai da safe. Da na ba ta labari ta ce, "Yaya, ai ka gan ta. Cikin biyun nan dole ka taɓa ta." Na riƙe wannan maganar, da ita na shiga mota.

A hanyar dawowa rana ta fito, inuwa ta dawo ƙarƙashin kowace bishiya. Uwata ba ta yi mini tambaya ko ɗaya ba har Tsanyawa. Ni ne na juya na ce, "Yanzu South-East muka fuskanta, ko?" Ta share ido ta ce haka ne. Mun iso gida kafin la'asar, lafiya lau, Alhamdulillahi.

Ban bar karatun ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya bari. Da kalmomin nan aka nuna mini alƙibla ranar da na rasa ta, da su kuma aka rubuta iyakar da za ta tsare mutanenmu. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, sanin sunan abu da wani harshe bai isa ba, sai ka san yadda masu harshen ke zama da yadda naka mutanen ke zama, kafin ka ɗora na wani a kan na wani. Na kuma koyi cewa takarda mai tsabta tana iya rufe bakin mai gaskiya, domin tawa ta rufe na tsohon da ya tsaya gaban katafila da sanda.

Inna tana cikin biyu, wannan zan iya ɗauka. Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne na farkon sahu, waɗanda ƙarfe ya bi ta kansu da izinin hannuna. Ba su da ɗa da ya zo nemansu. Ban san sunansu ba, ban ma san adadinsu ba. Wanda ya karanta wannan, in ya idar da salla, ya sa su a addu'a, su biyu ne ko uku.